Godiya kan abincin yini a lokacin yaƙi: muhawarar zumuntar masu bi a Sudan

Dattijo Bulus, Bur Sudan:

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da ku duka. Ƙarshen shekara ya gabato, kuma kwamitin zumunta ya ɗora mini nauyin tattara shawarwari game da taron godiya, wanda a bana ma ta waya za mu yi shi, tun da mun warwatsu tsakanin Bur Sudan da Kasala da Gadarif da Atbara da Umdurman. Kafin mu shiga batun rana da sa'a, akwai abin da ya daɗe yana damuna, ina kuma so mu tattauna shi a fili.

Tun daga ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin gwamnati da dakarun ɗaukin gaggawa na RSF, kusan duk shaidar da ake bayarwa a taronmu ta manyan al'amura ce: harsashin da ya huda bango bai taɓa kowa ba, shingen binciken da aka tsallake lafiya, motar da ta yi tafiyar fiye da kilomita 800 daga Kartum ta iso nan ba tare da an tare ta ba. Duk waɗannan sun cancanci godiya. Amma da wuya a ji wani ya tashi ya ce ya gode wa Allah domin jiya ya sha ruwa mai tsabta, ya ci gurasa da ful, wato dafaffen wake, ya kwanta ya tashi. Mu mazauna wannan gari mun fi kowa sanin cewa ruwa ba ƙaramin abu ba ne, domin a watan Agusta 2024 madatsar Arba'at, wadda akasarin ruwan shan gari ya dogara da ita, ta fashe bayan ruwan sama mai yawa, ta ci ƙauyuka da rayuka, ta bar mu muna jiran masu karo, wato amalanken jaki mai tanki, kamar yadda ake jiran babban baƙo. A cikin addu'ar da Ubangiji ya koya mana, abincin yini muke roƙo, ba na shekara ba, kuma idan kullum muna roƙonsa, ya kamata kullum mu lura cewa an ba mu. Shawarata ita ce a bana kowane mai shaida ya ambaci abu ɗaya na yau da kullum. Ina jiran ra'ayoyinku.

Mama Rifkatu, Kasala:

Baba Dattijo, na goyi bayan wannan shawara da zuciya ɗaya, kuma aikin jinya ne ya sa nake goyon bayanta. Lokacin da aka ayyana ɓarkewar kwalara a watan Agusta 2024, Kasala tana cikin wuraren da abin ya fi tsanani, domin damina ta haɗu da cunkoson 'yan gudun hijirar da suka cika makarantu. Na ga magidanta masu ƙarfi da aka kawo da safe suna magana, kafin magariba idanunsu sun faɗa, fatar hannunsu in an tsunkula ba ta komawa. Abin da ya ceci mafi yawansu ba wani magani mai tsada ba ne, ruwan gishiri da sukari ne da ake ba su kurɓi-kurɓi, sai ƙarin ruwa ta jijiya ga waɗanda suka galabaita.

Tun daga lokacin, idan na cika jarka na jefa ƙwayar kulorin a ciki, dole in jira rabin sa'a kafin a sha, kuma na mayar da wannan rabin sa'ar lokacin addu'a ni da jikokina. Muna zama kusa da jarkar, kowa ya faɗi abin da ya samu a ranar. Ƙaramar cikinsu takan ce ta gode domin jakin mai ruwa bai yi ciwo ba, ni kuwa ban taɓa hana ta ba, domin gaskiya ta faɗa: in jakin ya kwanta, ranar ba mu da ruwa. Iyayenmu sun ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, kuma a gidana na ga haka.

Iliya, Atbara:

Baba Dattijo da Mama Rifkatu, ina roƙon ku yi mini haƙuri, domin abin da zan faɗa ba zai yi daɗin ji ba, amma na gwammace in faɗe shi a gaban iyayena da in riƙe shi a ciki. Shekara biyu ke nan ina shiga taron godiya ban buɗe baki ba, kuma ba don ban ga alherin Allah ba ne. Ni da abokina muka zo ƙasar nan tare, sana'ar gyaran wuta muka koya tare, ɗaki ɗaya muke haya a Bahri, wato Kartum ta Arewa. Ranar da ya fita sayo gawayi ni ya kamata in fita, sai ya ce in zauna tun da zazzaɓi nake yi. Bam ya faɗa kusa da kasuwar, bai dawo ba. Ya fi ni naciya a addu'a, shi ne mai tashe ni da asuba mu karanta Littafi Mai Tsarki.

Yanzu idan na tashi na ce Allah ya kiyaye ni, me nake faɗa game da shi? Cewa Allah bai kiyaye shi ba? Ko cewa na fi shi daraja? Mahaifiyarsa tana kirana daga gida, ba na iya ce mata na gode wa Allah da ya tsare ni. Haka kuma karin maganar da Mama ta kawo, ina girmama ta, amma a watan Agusta 2024 ɗin nan da muke ambata aka tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam kusa da Al-Fashir a Darfur, yara suka riƙa mutuwa, kuma su ma Allah ne ya tsaga bakunansu. Ba gardama nake nema ba. Ina so ne a nuna mini yadda mutum zai yi godiya kan gurasarsa ba tare da ya taka kabarin wanda bai samu ba.

Malam Dauda, Bur Sudan:

Iliya, ɗana, na ji zafin da ke ranka, Allah ya ba ka haƙuri. Amma ina gargaɗinka da ƙauna cewa bai kamata yumɓu ya tuhumi maginin tukwane ba. Isra'ilawa sun yi gunaguni a jeji, mun kuma san abin da ya same su. Namu shi ne mu gode, sauran mu bar wa Mai Iko.

Fasto Yohanna, Gadarif:

Malam Dauda, ɗan'uwana, na fahimci tsoron da ya sa ka yi wannan gargaɗi, amma ban ga gunaguni a maganar Iliya ba. Masu gunaguni a jeji sun juya wa Allah baya suna marmarin tukwanen naman Masar, shi kuwa wannan yaro ya kawo kukansa cikin taron masu bi yana neman hanyar yin godiya. Zabura cike take da irin wannan kuka, Ayuba ya yi shi, Habakuk ya buɗe littafinsa da shi, kuma Allah bai kore su ba.

Iliya, ka buɗe Ayyukan Manzanni sura 12 ka karanta ta daga farko. Yawancinmu mun san rabinta na biyu: Bitrus yana barci tsakanin sojoji biyu, ɗaure da sarƙa biyu, mala'ika ya tashe shi, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta, har baranya Roda ta manta buɗe masa ƙofa saboda murna. Amma ayoyin farko na wannan sura sun ce sarki Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi. Sarki ɗaya, gari ɗaya, lokaci ɗaya, manzanni biyu da Yesu ya kira a bakin teku ɗaya, ya kuma hau dutse da su tare. An kashe ɗaya, an fitar da ɗaya. Luka, marubucin littafin, bai ce Bitrus ya fi Yakubu bangaskiya ba, bai kuma ba da dalili ba. Ibraniyawa sura 11 ma haka take: a jeri guda ta ambaci waɗanda suka tsere wa kaifin takobi ta wurin bangaskiya da waɗanda aka kashe da takobi ta wurin wannan bangaskiyar, ta kuma yaba musu duka. Ubangiji da kansa, a Luka sura 13, da aka zo kan mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ƙi yarda a ce sun fi sauran mazauna Urushalima laifi.

Saboda haka godiyar mai bi ba shaida ce ta cewa ya fi wani cancanta ba. Ita amincewa ce cewa ranar da yake ciki kyauta ce da bai saya ba. Abokinka bai fita daga hannun Allah ba a ranar da ya mutu, domin an gaya mana cewa ko mutuwa ba ta iya raba mu da ƙaunar Allah da ke cikin Almasihu. Abin da ya bambanta ku shi ne an bar maka kwanakin da ba a bar masa ba, kuma dalilin haka yana wurin Allah. Game da Zamzam kuwa, ina ganin dole mu faɗi gaskiya yadda take: ƙasar nan ba ta rasa hatsi domin Allah ya rufe hannunsa ba. Ina rubutu daga Gadarif, inda gonakin dawa da riɗi suke miƙewa har inda ido ya ƙare. Mutane ne suka datse hanyoyi, suka kori manoma daga gonakin Jazira lokacin da Wad Madani, babban birnin jihar, ta faɗa hannun RSF a watan Disamba 2023, suka hana motocin agaji wucewa. Wanda ya hana ɗan'uwansa abincin da Allah ya tanada zai amsa tambaya, kuma godiyarmu ba ta wanke shi ba.

Malama Hannatu, Umdurman:

Sai yanzu na samu hanyar sadarwa na karanta abin da aka rubuta, kuma ina so in ƙara wani abu a kan maganar Fasto, domin ni ban bar Umdurman ba tun farkon yaƙin, saboda surukata ba ta iya tafiya. Idan aka tambaye ni yadda Allah ya ciyar da mu, amsata ita ce takiyya. Ga waɗanda suka fita da wuri ba su gani ba, takiyya ɗakin girki ne na unguwa, al'adar da ta samo asali daga zawiyoyin Sufaye inda ake ciyar da baƙo da matalauci, sai matasan unguwanni suka farfaɗo da ita a ƙarƙashin ɗakunan agajin gaggawa da suka kafa. Kuɗin yakan zo daga 'yan ƙasar da ke waje ta manhajar banki ta Bankak, a sayi adas (wani irin ƙananan wake) ko ful ko shinkafa, a dafa a manyan tukwane.

Da hantsi mukan jera kwanukanmu a ƙasa, kowane kwano yana riƙe wa mai shi layi, mu kuma mu fake a inuwar katanga saboda rana da kuma abin da ka iya faɗowa daga sama. Matar da ke riƙe da ludayi a unguwarmu Musulma ce, ta san sarai ni Kirista ce domin ta sha ganina da Littafi Mai Tsarki, amma ba ta taɓa rage mini ba, hasali ma takan ƙara rabin ludayi ta ce na tsohuwa ne. A watan Fabrairu 2024, da aka katse hanyoyin sadarwa a kusan duk ƙasar, kuɗi ya daina shigowa, tukunya ta yi kwanaki a kife. A farkon 2025 ma, da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje, ɗakunan girki da yawa suka rufe. A waɗannan ranaku na fahimci labarin manna a Fitowa sura 16 fiye da duk shekarun da na yi ina koyar da shi a makarantar Lahadi: na yini ɗaya ake tarawa, wanda ya ɓoye na gobe ya tarar ya yi tsutsa, kuma kowace safiya sai an sake fita da kwano.

Abin da nake so in ce wa Iliya shi ne, ban taɓa jin cewa godiyata ta taka wani ba, domin a layi nake yin ta, tare da mutanen da suka binne 'ya'yansu a tsakar gida saboda ba hanyar zuwa maƙabarta. Su ma in sun karɓi abinci sukan gode wa Allah da babbar murya. Kuma ina roƙon a taron bana a yi addu'a ta musamman domin masu girkin nan, domin wasunsu an kama su, wasu sun rasa rayukansu a bakin aikin.

Malam Dauda, Bur Sudan:

Fasto, na karɓi bayaninka game da Iliya. Amma Malama Hannatu, ina da damuwa guda. Taron godiya na Allah ne, kuma ina tsoron kada mu mayar da shi wurin yabon mutane, har ɗaukakar da ta dace da shi kaɗai ta rabu biyu. Sannan ina so a tuna cewa Zabura 91 alkawari ce tabbatacciya. A watan Mayu 2025, da jirage marasa matuƙa suka yi kwanaki suna kai hari garin nan, rumbunan mai suna ci da wuta har hayaƙi ya rufe sama, ni da motata muna kan hanyar tashar jiragen ruwa kullum, wannan Zabura nake karantawa, kuma ko ƙwarzane ban samu ba.

Fasto Yohanna, Gadarif:

Mun gode wa Allah da ya tsare ka, Malam Dauda, kuma ka ci gaba da karanta wannan Zabura. Sai dai mu tuna cewa ita ce Shaiɗan ya ɗauko a Matiyu sura 4 lokacin da ya ce wa Yesu ya diro daga kan Haikali, Ubangiji kuma ya amsa cewa kada a gwada Allah. Ita mafaka ce ga mai dogara, ba laya ba ce da ke tilasta wa Allah, shi ya sa Mama Rifkatu take addu'a kuma take jefa kulorin a jarka. Abokan Daniyel uku sun ce Allahnsu yana da ikon cetonsu daga tanderu, suka ƙara da cewa ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba.

Game da yabon mutane kuwa, ban ga rabuwar ɗaukaka ba. Da fari ya tsananta a zamanin annabi Iliya, rafin Kerit ya ƙafe, Allah bai aike shi gidan wani Ba'isra'ile ba, ya aike shi Zarefat ta ƙasar Sidon, wurin gwauruwar da ba ta cikin jama'arsa, da ɗan garinta da ɗan manta ya rayu. Wanda ya ga hannun da Allah ya yi amfani da shi ya kuma ƙi ambatonsa, bai ƙara wa Allah girma ba, ya dai rage gaskiyar labarin. Manzo Bulus ma a wasiƙunsa yakan gode wa Allah saboda mutane, yana kiran sunayensu.

Iliya, Atbara:

Fasto, na karanta Ayyukan Manzanni 12 kamar yadda ka ce, na kuma daɗe a kan aya ta biyu. Ba zan ce nauyin ya sauka duka ba, domin har yanzu in na tuna cewa ni ya kamata in fita ranar, numfashina yakan tsaya. Amma na ga cewa ikilisiyar da ta yi murnar fitowar Bitrus ita ce ta yi makokin Yakubu a kwanakin, kuma ba a ce ta zaɓi ɗaya ta bar ɗaya ba. Idan Baba Dattijo ya yarda, ina roƙon kafin a fara shaidu a karanta sunayen 'yan'uwanmu da suka rasu tun 2023, a gode wa Allah saboda rayuwarsu da abin da suka yi mana. In an yi haka zan iya buɗe baki, kuma abin da zan ambata shi ne aiki: tun da hare-hare suka riƙa lalata tashoshin wuta, har da na madatsar Marawi, mutane suka koma sola, ni kuma da haɗa farantan sola nake ci, daga ciki nake aika wa mahaifiyar abokina ɗan abin da ya samu.

Mama Rifkatu, Kasala:

Ɗana Iliya, ka yi mini gyara a kan karin maganar da na kawo, na kuma ji ka. Abin da kake aika wa mahaifiyar abokinka shi ne amsar tambayarka, ko da ba ka kira shi godiya ba. A 2 Korantiyawa sura 8, da Bulus yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, labarin mannan nan ya kawo, cewa wanda ya tara da yawa bai yi rara ba, wanda ya tara kaɗan bai rasa ba, kuma ikilisiyoyin Makidoniya da ya yaba wa suna cikin tsananin talauci lokacin da suka bayar. Saboda haka ina ba da shawara a madadin Zumuntar Mata cewa baikon godiya na bana kada a kashe shi a kan abinci da abin sha na taro. A raba shi biyu, rabi ga iyalan waɗanda za a karanta sunayensu, rabi ga takiyyar unguwar Malama Hannatu. Na san kuɗin ba su da yawa, musamman da fam ɗin Sudan ya faɗi daga wajen 600 a kan dala ɗaya kafin yaƙi zuwa sama da 2,000, amma buhun adas guda yana ɗora tukunya.

Malam Dauda, Bur Sudan:

Na amince da karanta sunaye da kuma raba baikon. Roƙona kawai shi ne a buɗe taron da Zabura a rufe da Zabura, domin kowa ya san wanda muka taru dominsa. Idan akwai kayan da za a kai Atbara, ina bin hanyar Hayya da mota, zan ɗauka ba tare da kuɗin dako ba.

Dattijo Bulus, Bur Sudan:

Na gode muku duka, musamman Iliya da ya yi ƙarfin halin faɗin abin da na tabbata yana zukatan wasu da suka yi shiru. Ga yadda zan kai wa kwamiti. Malam Dauda zai buɗe da Zabura 103. Fasto Yohanna zai karanta sunayen waɗanda suka rasu, don haka duk mai suna ya tura masa ta saƙon sirri, ba a cikin wannan zaure ba, saboda tsaron iyalansu. Bayan haka sai shaidu, kowa minti uku, da abu ɗaya na yau da kullum. Malama Hannatu za ta jagoranci addu'a domin masu girki, da masu kawo ruwa, da ma'aikatan jinya, da waɗanda har yanzu suke cikin yunwa a Darfur da Kurdufan, sannan a rufe da Zabura 121. Mama Rifkatu da ma'ajin zumunta za su karɓi baiko ta Bankak, su kuma kawo lissafinsa a rubuce bayan an raba. Malama Hannatu, tun da ke ce sadarwa ta fi ba wahala, ki gaya mana ranar da sa'ar da kika fi samun layi, sai mu tsayar da lokacin taron a kan haka.